Nafi'u Bai Taɓa Yi wa Kowa Duba Ba

Ranar Talata da hantsi ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, sai na ji babur ya tsaya a ƙofa an kashe shi. Ɗana Sule ne. Sule mutum ne da ke fara sallama tun daga bakin hanya, amma ran nan sai da ya shigo zaure ya yi ta, ita ma can ƙasa-ƙasa. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya gaishe ni, ya sake gaishe ni. Na ce, "Sule, gaisuwar ta isa haka. Faɗi abin da ya kawo ka." Ya ce, "Iya, sai haƙuri. Nafi'u lokaci ya yi, ɗazu da asuba, a asibiti a Kazaure."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na dubi gyaɗar da ke hannuna, na rasa inda zan ajiye ta.

Malam Nafi'u jikana ne, ɗan ɗan farina wanda ba na kama sunansa, shi ma Allah ya jiƙansa. A hannuna ya tashi a nan ƙauyenmu da ke gefen Roni, har ya yi karatu ya zama malamin kimiyya a wata makarantar sakandare a Kazaure. Bai cika arba'in ba. Ya bar matarsa Rukayya da 'ya'ya mata biyu. Abokan aikinsa za su faɗi iliminsa, ɗalibansa za su faɗi haƙurinsa, sun fi ni sanin wannan. Ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Washegarin rasuwar, muna zaman makoki a ɓangaren mata, na ji wata a bayana tana raɗa wa ta kusa da ita, "Ashe mai duba wa mutane taurari bai ga nasa ba." Ɗayar ta ce, "Allah dai ya yafe masa." Ban waiwaya ba, don na san inda maganar ta samo asali. Daga bakina ta fito. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, idan baƙi ya karkace a gafarce ni, amma sai na rubuta yadda aka yi, don sunan yaron nan ya wanku.

Tun yana ƙarami ni da shi ba ma zama lafiya. Ina kiransa maigida, yana kirana amarya. Da ya fara aiki bai fasa zuwa duk Juma'a da yamma ba, da goro a aljihu da maganin ƙafata a leda. Zan ce, "Wannan miji da rowa yake, goro biyu kacal?" Zai ce, "Amaryar da haƙoranta ba su cika goma ba, biyun ma ai asara ce." Sai ya zauna ya farfasa min shi ƙanana da wuƙa yana ajiyewa a murfin kwano. Bai taɓa miƙo min goro ɗungurungum ba tun ranar da ya ga ina fama da shi. Ban roƙe shi ba, gani ya yi. Haka halinsa yake ga kowa: sai ya gama lura da mutum sannan ya yi magana, wani lokacin ma ba zai yi ba, aikin kawai zai yi.

Kaka uku da suka wuce, bayan ruwa ya ɗauke, sama ta wanku tas, ya zo da kaya ɗaure a bayan babur kamar mai ƙaura. Akwai wani bututu fari mai gilashi a baki, da ƙafafu uku na ƙarfe, da batir, da kwamfutarsa, da wayoyi kamar kayan cikin akuya. Sai ya fito da wani ɗan abu ja daga akwati, girmansa bai wuce gwangwanin madara ba, yana riƙe da shi kamar jinjiri. Ya ce kyamara ce ta ɗaukar taurari, ya daɗe yana tanadi kafin ya same ta, kuma ta 'yan koyo ce, shi ma yanzu zai fara. Na ce, "Kyamarar da ba ta da wurin leƙawa? An cuce ka, maigida." Ya ce ita ba a leƙa ta, a gindin bututun ake ɗaura ta, abin da ta gani sai ta aika wa kwamfuta. Na ce to me ya hana shi yi a Kazaure, inda akwai wuta? Ya ce, "Wutar ce matsalar, Iya. Duhunki na zo aro."

Wanda ya ga hoton da ya fitar daga baya zai ɗauka abin da sauƙi ya zo. Ni da na zauna a kan tabarma ina kallo na san ba haka ba ne. Daren farko baƙi ƙirin kawai ya samu. Dare na biyu taurarin suka fito manya-manya da rami a tsakiya, na ce masa, "Sannu, ka ɗauko ƙuli-ƙuli." Ya yi ta murɗa wani ɗan ƙarfe kaɗan-kaɗan har suka tsuke suka zama ɗigo. Mako na gaba kuma suka fito dogaye kamar taliya. A nan ya bayyana min cewa sama tafiya take yi, dole kan ƙafafun nan ya riƙa juyawa a hankali yana bin ta, kuma ba zai bi ta daidai ba sai an saita shi da wani tauraro da ke can arewa ƙasa-ƙasa, saman dutsen bayan gidanmu, wanda shi ba ya gusawa. Ya kwashe darare yana durƙuso yana neman tauraron nan har gwiwar wandonsa ta huje. Ranar da ya samu daidai, akuyata ta bi ta kan waya ta tsinke komai. Na jira in ji ya zage ta. Ya dube ta ya ce, "Baiwar Allah, da kin bari na minti biyu." Ya sake daga farko.

Fitilata ma ya hana ni kunnawa, sai da ya ɗaure mata jar leda a baki. Ya ce abin da yake nema haskensa ya yi rauni ƙwarai, ido ba ya kama shi, kyamarar ma ba ta kama shi a ɗauka ɗaya. Sai ta buɗe ido na minti ɗaya ko biyu ta rufe, ta sake, ta sake, har ɗaruruwa, dare bayan dare, sannan kwamfuta ta ɗora su a kan juna su zama hoto guda. Yakan ce, "Hasken yana nan, Iya. Haƙurinmu ne bai kai ba." Abin da ya fi ba ni dariya shi ne idan ya gama sai ya rufe bakin bututun da murfi, ya ci gaba da ɗauka. Na ce, "Yau kam karatu ya taɓa ka. Ka rufe wa abu ido kana ɗaukar me?" Ya ce kowace kyamara tana da nata ƙuraje a ciki, idan ya ɗauki duhu zalla sai su bayyana, ya san su, ya cire su daga hoton. "Sai ka san dattin da ke idonka," in ji shi, "kafin ka ce sama ce ta yi datti."

Yanzu na zo kan laifina. A cikin wannan kakar aka yi suna a gidan wata 'yar ƙanwata, mata sun cika, har daga Gwiwa da Babura. Kowa ya san ni a wurin biki: idan na zauna, da'ira ake yi. Sai Hajiya Tabawa, maƙwabciyata, wadda muka yi aikin hajji tare, ta ce, "Wai me jikan nan naki yake yi a tsakar gida cikin dare, da bindiga a saite da sama?" Da na ce hoto yake ɗauka, da an ce to, an wuce. Ni kuwa na ga idanu a kaina. Na gyara ɗaurin ɗankwali na ce, "Ke ba ki sani ba? Taurarin mutane yake dubawa. Kowa da nasa. Jiya ya nuna min naki, ya karkace gefe guda kamar bakinki idan an raba nama." Aka kwashe da dariya har da masu faɗuwa. Daɗin dariyar ya ɗebe ni, na ƙara: na wance ya kusa aure na uku, na wance yana bin na mijinta da taɓarya. Na dawo gida ina jin daɗin kaina. Wallahi a raina wasa ne, na ɗauka a tabarmar zai tsaya.

Bayan mako biyu wata dattijuwa ta yi sallama daga wajen Gwiwa, da zakara a hammata. Ɗanta ya tafi ci-rani shekara biyu babu labari, ta ji an ce akwai malami a nan mai na'urar dubawa. Ina ɗaki ina jin su. Nafi'u ya shimfiɗa mata tabarma, ya kawo mata ruwa, ya tsuguna ya ce, "Baba, wanda ya faɗa miki ya yi kuskure. Ni gobe ban san ta ba, Allah kaɗai ya san ta. Abin da nake ɗauka ma tsohon haske ne, ya baro wurinsa tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, yau yake isowa. Ni jiya nake kallo." Ya tambaye ta sunan ɗan da garin da ya nufa, ya yi ta kiran mutanen da ya sani a can, ya ɗauke ta a babur har tasha, ita da zakaranta. Ta tafi tana cewa malamin ya raina abin da ta kawo.

Kamar wannan bai isa ba, na ƙara wani. Akwai abin da yakan yi da asuba bayan salla, idan gari ya fara haske: sai ya lulluɓe bakin bututun da farin ƙyalle ya ɗauki wasu hotuna, wai da su yake gane ƙurar da ta kwanta a gilashi. Ya ce yana son fari tas, marar zane, marar ɗinki. Farar rigarsa tana da aiki a wuya, mayafaina duk masu fure ne. Na shiga ɗaki na buɗe akwati na ɗauko masa farin yadin da na zo da shi daga Makka, na ce ga wannan. Ban faɗa masa likkafanina ba ne. Na so sai ya gama in faɗa masa in ga yadda fuskarsa za ta yi. Ina riƙe da gefe ɗaya yana riƙe da ɗaya, sai ga kan Tabawa ta saman katanga. A shago ɗaya muka saya, ta san shi kamar yadda ta san nata. Kafin azahar gari ya ɗauka: Malam Nafi'u da likkafani yake aiki. Da na faɗa masa gaskiya bai yi dariya ba. Ya ninke yadin da kyau ya miƙo min da hannu biyu ya ce, "Allah ya sa ya daɗe a akwati, amarya." Bai daɗe ba. Ran Talatar nan da Sule zai koma, na ce ya tafi da shi, a ciki aka yi wa Nafi'u sutura.

Abin ya ci shi fiye da yadda ya nuna. Wasu iyaye a Kazaure suka hana 'ya'yansu zuwa darasin yamma da yake yi kyauta. Shugaban makarantarsu ya kira shi ofis ya yi masa tambayoyi. Amma wanda ya fi min ciwo, a masallacin ƙofar gidanmu, idan liman ba ya nan Nafi'u ake turawa gaba tun yana saurayi, saboda karatunsa. Wata Asabar da magariba liman ya yi tafiya, aka ta da iƙama, aka dubi juna, aka tsallake shi aka tura wani. Sule ne ya faɗa min. Shi Nafi'u ya bi salla a sahun farko, ya gaisa da kowa, ya shigo gida ya fara haɗa wayoyinsa kamar kullum.

A daren ne ya yi min magana, sau ɗaya tak. Bai dube ni ba, yana kallon kwamfuta ya ce, "Iya, na san bakin da ya dafa labarin nan. Tun ina yaro nake cin girkinsa." Na ce, "Wasa ne fa, maigida." Ya ce, "Na sani. Amma wasan ya fita daga gida." Ya ce shi idan ya musa za a ce kare kansa yake, ni ce kaɗai idan na faɗa za a ji. Ya ce in bari sai hoton ya kammala, in tafi da shi wurin mata in nuna musu abin da yake yi, in ce ƙarya na yi. Na yi masa alkawari.

Kaza da 'Ya'yanta yake ɗauka, taurarin nan da kowace yarinya a ƙauye ta san su. Ni ce na fara nuna masa su yana kan cinyata, ina ce masa shaho suke gudu shi ya sa suka cure wuri ɗaya. Kakar farko ba ta ishe shi ba, rabin abin da ya tara ya zubar, ya ce na koyo ne. Sai a kaka ta biyu wata Juma'a ya ce, "Amarya, sa tabaranki." Duk rayuwata shida nake ƙirgawa, bakwai idan ido ya yi kyau. A hoton nan ba su ƙirguwa. Manyan suna zaune cikin wani shuɗin hayaƙi mai laushi, kamar an tsoma auduga a baba, ƙananan kuwa sun cika ko'ina kamar an watsa gero a baƙin zane. Shekara saba'in da wani abu suna saman kaina, ban san haka suke ba. Na ce Subhanallah, na sake cewa Subhanallah. Shi kuwa sai murmushi yake yi. Ya wanko min shi babba, ya sa a gilashi.

Na je biki biyu bayan nan. Na farko na bar hoton a gida na ce ya yi nauyi. Na biyu na kai shi har ƙofa a cikin zane, na ji ana cewa "ga Iya nan, a matsa mata," na jingine shi a bayan randa na zauna na ba da wani labarin. Ba zan ɓoye ba, kunya ce da son girma. Tsohuwa kamata ta tashi a gaban 'ya'yan cikinta ta ce ta yi ƙarya, na ga abin ya yi min tsawo. Na riƙa cewa maganar za ta mutu da kanta. Sau ɗaya ya tuna min, yana ɗaure kaya a babur: "Amarya, alkawarinmu fa?" Na ce sai bikin da za a yi bayan salla. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Kafin bikin ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Da aka kai ni asibiti na same shi ya kumbura, murya ta shige, amma da ya gan ni ya ce wa Rukayya, "Gyara min hula, ga amarya ta zo." Na zauna a bakin gadon na ce, "Nafi'u, ka yafe min." Ya ce, "Tuni, Iya. Tun a daren." Ya mai da numfashi, sannan ya ce, "Amma yaran nan fa? Ni na kusa gamawa da sunan. Su ne za su zauna da shi." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Ranar sadakar uku na sa aka ɗauko hoton daga ƙauye. Bayan an shafa addu'a, mata sun cika tsakar gidansa, na dafa bango na miƙe. Wasu suka fara gyara zama, sun saba. Na ce yau ba labari zan ba ku ba. Na faɗi duk abin da na rubuta a nan, tun daga gidan suna har likkafani, ban rage ba. Na ce yaron nan bai taɓa yi wa kowa duba ba, bai taɓa karɓar ko ƙwai a hannun kowa ba, ni Hansai ni na ƙaga, don a yi dariya. Can Tabawa ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Ni ma na ƙara gishiri. Allah ya yafe mana." Hoton ya riƙa yawo hannu zuwa hannu, wata tana shafa gilashin da yatsa tana cewa, "Wai Kaza ce wannan?" Babbar 'yarsa, Amina, mai shekara tara, ta biyo shi har ya dawo, ta karɓa ta rungume, ta ƙi ba kowa.

Ba duka suka yarda ba. Da za a watse na ji wata tana cewa tsohuwa ce ke rufa wa jikanta asiri. Shi ya sa na rubuta, na ce wa Sule ya kai inda za a karanta, a Roni da Kazaure da Gwiwa da Babura, duk inda ƙaryata ta taka. Wanda ya ɗauki waccan ya kai wani gida, ina roƙonsa don Allah ya ɗauki wannan ya kai gidan. Mazan da suka tsallake shi a masallaci ban riƙe su ba, abin da suka ji suka bi, amma su san bayan wanda suka ƙi tsayawa. Kayan aikinsa suna wurin Rukayya, ta ce ba za a sayar ba. Idan a cikin ɗalibansa akwai wanda ya koyi haɗa su, ya zo idan ta fita takaba ya nuna wa yaran, su ga da idonsu abin da ubansu yake yi.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Nafi'u, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha da maganar da ya haɗiye su zama kaffara a gare shi, ka saka masa da Aljanna Firdausi, ka haɗa shi da mahaifinsa cikin rahama. Ka ba Rukayya haƙuri da dangana, ka raya Amina da ƙanwarta Safiya a kan imani, ka tsare su daga bakin mutane, ka sa duk inda aka ambaci sunan ubansu a bi shi da alheri. Ka ba Sule da sauran dangi da ɗalibansa juriyar rashinsa. Ni kuma da na yi saura, ya Ubangiji, shi ya yafe min, kai ma ka yafe min, ka kama min harshena a 'yan kwanakin da suka rage. Idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.